Gilashi Uku a Bangon Inna

Ɗaki biyu, bango ɗaya da ya tsage daga linta, wato simintin da ke gicciye a saman ƙofa, har ƙasa, da mutum biyar masu kwana a gindinsa: mahaifiyata da 'ya'yana huɗu. Wannan a gefe guda ke nan. A ɗaya gefen kuma akwai shekara ashirin da biyu da na yi ina buga bulo ina sayar da siminti a Maƙarfi, da sunan da na yi a cikinsu. Daminar da ta wuce aka ajiye mini waɗannan biyun a gabana aka ce in zaɓa, na kuwa ɗauki kwanaki ina kallon wanda bai kamata in kalla ba. Mutumin da ya juyo da kaina shi muka binne ranar Talata a Likoro. Kawuna ne, yayan mahaifiyata, magini. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kwana uku muka yi a kan tabarma a ƙofar gidansa, ban kuwa taɓa ganin zaman makokin da aka yi ta hirar bango da rufi kamar wannan ba. Duk wanda ya shafa addu'a sai ya gyara zama ya faɗi abin da ya shiga tsakaninsa da Kawu. Limamin unguwarsu ya ce bangon gabas na masallacinsu tun yana saurayi aka ɗora shi, har yau ko allura ba ta da wurin shiga. Wani manomi daga Taba ya ce shi ba gini aka yi masa ba, hana shi aka yi. Ya tara kayan aiki, Kawu ya ce ya bar filin ya sha damina ɗaya tukuna a ga hanyar ruwa. Ya ji haushi, amma ya bari, sai ga ruwa ya bi ta daidai inda ya yi niyyar sa gadonsa. Aka ɗan yi dariya, aka tuna inda ake, aka yi shiru.

Tsohon abokin aikinsa, kafinta, Kirista ne mutumin kudancin Kaduna da ya tsufa a Ikara. Ya iso tun kafin a fito da gawa, ya tsaya daga gefe har aka idar da salla, ya bi mu maƙabarta. Da muka dawo ya kama hannuna ya ce, "Shekara talatin da wani abu ban taɓa hawa tsani ba sai Baba ya girgiza shi da kansa. Yanzu wa zai girgiza mini?"

Mutum ɗaya ne bai saki jiki da ni ba, babban ɗan Kawu. Taubashina ne, tun muna ƙanana ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, ko a gidan biki ko a gidan rasuwa. Na miƙa masa hannu, ya ba ni kan yatsunsa. Na ce, "Ya haƙuri?" Ya ce, "Da godiya." Can da mutane suka ragu sai ya dube ni ya ce, "Ya gida, Alhaji? Babu dai inda ke yoyo ko?" Babu wasa a muryarsa. Na san abin da yake nufi, zan kuma faɗe shi a nan, domin idan na rubuta Kawu na bar wannan, wani mutum daban na rubuta.

Kawu ba ya yarda da ido. Idan tifa ta sauke yashi, sai ya ɗebi tafi ɗaya ya zuba a kwalba, ya cika ta da ruwa, ya girgiza, ya ajiye a inuwa. Idan laka ta kwanta a kan yashin ta wuce kaurin yatsa, direba zai kwashe kayansa, ko da kuwa ya rantse daga tsakiyar rafi ya ɗebo. Ba ya auna kwaɓi da shebur, sai da kwanon sarki, a share bakinsa. Sabon bulo a wurinsa sai ya sha ruwa kwana bakwai, safe da yamma. Sandarsa guntun rodi ce, da ita yake tafiya, da ita yake caka ƙasa duk inda aka ce za a yi gini. Kuma kafin ya ja igiya sai ya nemi tsohuwar da ta fi daɗewa a unguwar ya gaishe ta, ya tambaye ta me ke wurin nan a da. Yakan ce mai fili abin da ke sama yake sayarwa, tsohuwa ita ta san abin da ke ƙasa.

Lokacin da na fara sana'a da abin buga bulo na hannu guda ɗaya, shi ne ya fara saye a wurina, shi ne kuma ya fara dawo mini da kaya. Zai ɗaga bulo zuwa ƙirjinsa ya sake shi a kan ƙasa mai tauri. Idan ya fashe, ba ya faɗa, sai dai ya ce, "A sake." Ni kuma don in huce sai na koma cika siminti fiye da ƙima. Ya murza ɓarɓashin a yatsa ya ce, "Kai, mai siminti, ba yawansa ake nema ba, daidai ake nema." Tun daga ranar sunan ya bi ni. Ko bayan na je Makka kowa na ce mini Alhaji, shi mai siminti yake kirana.

Shekara huɗu da suka wuce na sayi fegi a bakin gari, shimfiɗaɗɗe, kusa da titi. Na tsara ɗaki shida: huɗu a gaba, biyu a baya na Inna da jikokinta. Na ɗauko Kawu ya ja mini igiya. Ya taka gaban filin yana caka rodinsa, ƙasa na ƙara. Da ya kai baya ya caka, sai rodin ya shige har kusan rabi ba tare da ya danna ba. Ya zare shi ya shinshina bakinsa.

"Nan kududdufi ne," in ji shi.

"Kawu, wane irin kududdufi? Ka ga fili kamar faranti."

"Da hannuna na haƙi ƙasa a nan ina lebura. Gidajen unguwar can da ƙasar ramin nan aka gina su. Da aka daina haƙa aka yi shekaru ana zuba shara har ya cika. Ka yi ɗakunanka huɗu a gaba. Bayan nan ka dasa gwaiba da ayaba. In kuwa dole sai ka yi gini, a haƙa har a tarar da jar ƙasa, ko da gaba biyu ne."

Na riga na gaya wa abokan kasuwa shida zan yi. Haƙa gaba biyu kuwa zai cinye mini rani gaba ɗaya. Na ce zan faɗaɗa harsashi, in ƙara rodi, siminti kuma nawa ne, ba wanda zai auna mini.

Ya ce, "Siminti ba ya zama ƙasa. Duk abin da ka zuba, a kan shara zai zauna."

Nan na faɗi maganar da har yau nake jin ɗacinta. A gaban leburori na ce, "Kawu, zamanin tubali ya wuce."

Ya naɗe igiyarsa a gwiwar hannu, a hankali, har ƙarshe, ya sa a jaka, ya ce Allah ya sa albarka, ya tafi bakin titi neman mota. Na ɗauko wani matashin birkila daga Zariya, ya yi mini yadda nake so, aikinsa kuma ba laifi. Ranar da muka tare Kawu ya zo, ya ci abinci, ya yi addu'a mai tsawo. Ɗakunan baya ne kawai bai shiga ba. Inna ta fito tsakar gida suka gaisa.

Damina biyu ba abin da ya faru, har na fara ba da labarin a shago ina dariya. A ta uku, da marka ta kankama, Inna ta ce ƙofarta ta fara cijewa. Na sa aka fere ta. Bayan mako guda ta sake cijewa. Sannan wata safiya babbar 'yata ta nuna mini wani siririn layi a bango, ya taso daga kusurwar linta ya gangara ta bayan gadon Inna. Na ce filasta ce. Na san ba filasta ba ce.

Ban kira Kawu ba. Inna ce ta sa aka buga masa waya. Washegari sai ga shi a bayan babur ɗin ɗansa, ya yafa buhu a ka. Ya shiga ɗakin da bai taɓa shiga ba, ya bi tsagar da yatsa tun daga sama har ƙasa. Ya fito da siraran gilashi uku daga aljihu, irin ragowar da masu taga ke zubarwa. Ya kwaɓa siminti kaɗan a murfin gwangwani, ya manna kowane gilashi a gicciye a kan tsagar: ɗaya sama, ɗaya tsakiya, ɗaya ƙasa.

"Bango yakan tsage ya tsaya," in ji shi. "Idan ya tsaya, sai mu ɗinke shi. Idan yana tafiya, gilashi zai faɗa mana, don shi ba ya miƙewa. Ranar da ɗaya ya karye, ranar za a kwashe mutane a sauke ɗakunan nan. Zan riƙa zuwa bayan kwana bibbiyu."

A sauke ɗakunan nan. Mai sayar da bulo ya rushe gidansa da hannunsa, a garin da kowa ya san kowa. Na san abin da za a ce a kasuwa, na san ma bakin da zai fara faɗa. Magina uku na da manyan ayyuka a hannu a lokacin, duk bulona suke ɗauka.

Ya zo sau huɗu, gilashi lafiya. Rana ta tara da hantsi, bayan ya duba ya tafi, Inna ta fita barka a maƙwabta, yara na wasa a zaure, na leƙa ɗakin. Na tsakiya ya rabe biyu. Tsakanin ɓari biyun ƙwayar gero za ta iya wucewa.

Ba zan ce shaiɗan ba, ni ne. Na gaya wa kaina saura 'yan makonni ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, in ya so da rani in yi gyara a hankali in ce faɗaɗa gida nake yi. Na ɓamɓare karyayyen na jefa bayan duron ruwa. Na je wurin mai taga na karɓo wani daidai shi, na kwaɓa siminti, na manna, na shafa masa ƙasa don ya yi kama da tsoho. A daren nan da wanda ya biyo baya mahaifiyata da 'ya'yana suka kwana a gindin bangon, da sanina.

Kawu ya zo a ranarsa. Inna na zaune a bakin gado tana jan carbi, ni ina tsaye a ƙofa. Ya duba na sama. Ya durƙusa da ƙyar ya duba na ƙasa. Ya miƙe ya tsaya a kan na tsakiya. Ya kankari simintin da farce, ya murza a yatsa, ya kai kusa da idonsa.

Inna ta ce, "Yaya, ya bangon?"

Ya ce, "Bango ga shi nan kina gani. Ni wata magana ce ta kawo ni. Ƙafar matar nan tawa ta tashi, ko tsakar gida ba ta iya sharewa. Ki zo ki yi mana kwana biyu. Ki taho da yaran, tunda hutu ake, su ci masara."

Ciwon ƙafar gaskiya ne, ya daɗe. Inna ta ce to sai jibi. Ya ce, "Yau. Mai siminti zai kawo mota." Ta dube shi, ta dube ni, ta tashi ta fara naɗe kaya.

Ya zaga bayan gida kamar yadda ya saba, yana duba inda ruwa ke bi, sannan ya same ni a zaure. Ɗansa na waje a kan babur. Ya rage murya.

"Kwaɓin nan ba nawa ba ne."

Ya matso kusa da ni.

"Siminti ya yi masa yawa, har ya yi baƙi. Duk ƙasar nan mutum ɗaya na sani mai kwaɓi haka, wanda ba ya sayen siminti." Ya numfasa. "Yaushe ya karye?"

"Shekaranjiya."

"Kwana biyu." Ya maimaita, "Kwana biyu. Ƙanwata." Ya damƙe rodin, na ɗauka zai ɗaga shi, da ya ɗaga kuwa ba zan kauce ba. Sai ya ce, "Ba wanda zai ji wannan a bakina. Gobe da safe ka samo leburori shida da katakon tokara. Zan aika wa kafinta."

Kwana goma sha ɗaya aka yi ana sauke ɗakunan, a tsakiyar marka. Bai yarda a ture bango ba. Kafinta ya tokare rufi, aka cire kwano ɗaya bayan ɗaya, aka sauke katako, sannan aka bi bulo layi-layi daga sama. Da aka zo linta, ana taɓa ta sai kusurwar ta zauna da kanta, ta yi wani irin nishi, leburori suka watse. Inda ta faɗa, nan kan gadon Inna yake. Da aka haƙa gindin, ba a kai ƙugu ba aka fara fito da baƙar ƙasa mai wari, da leda, da tsofaffin takalma, ruwa na tsattsafowa. Harsashina mai faɗi da rodinsa yana nan lafiyayye, ya karkata gaba ɗayansa kamar tire a kan katifa.

Duk kwanakin nan Kawu na tsaye a cikin ruwa da buhu a ka. An sa masa kujera a zaure ya ƙi zama, ya ce 'ya'yan mutane ne a ƙarƙashin bangon. A rana ta shida ya fara tari. Ɗansa ya ja ni gefe ya ce, "Ka ce ya koma gida. Ya haura tamanin. Kai zai ji maganarka, aikinka ne." Na je na faɗa masa, ya ce in ba shi wuri. Na faɗa sau ɗaya. Ban faɗa sau biyu ba, domin ina bukatarsa a wurin, kuma na san haka a lokacin.

Maganar da na ji tsoro ta fito. Aka ce bulon Alhaji ya ci gidan Alhaji. Biyu daga cikin maginan nan uku suka koma wani wuri. Ranar kasuwa sai ga Kawu a ƙofar shagona, yana tari, an ɗauko masa bulo ɗaya daga cikin waɗanda aka sauke, da ragowar filasta a jikinsa. Ya jira sai da mutane suka taru. Ya ɗaga shi da kansa zuwa ƙirji, ya sake. Bulon ya bugi ƙasa ya yi tsalle ya kwanta, ko gefensa bai ɓalle ba.

Ya ce, "Kun gani. Bulo ba shi da laifi. Mai bulon ne aka ce masa juji ne, ya ce shi yana da siminti."

Aka fashe da dariya, ni ma na yi, ba yadda zan yi. Ya wanke kayana ya bar ni da wautata, wadda aka riga aka sani. Ɗaya laifin, babban, bai taɓa shi ba.

Tarin bai sake shi ba. Mun kai shi asibiti a Zariya sau biyu, ya ɗan samu sauƙi, ya koma. Bai ƙara riƙe cokalin gini ba. Duk zuwan da na yi duba shi, tambayarsa ɗaya ce: me na yi da bayan gidan? Da na ce na dasa ayaba da gwaiba, ya ce in bar wa ruwa hanya ta kudu, kada in toshe rariya. Wata bakwai ya yi a kwance. Likita bai ce ruwan nan ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, na yi imani da haka. Amma ni ɗan kasuwa ne, na san abin da na karɓa da hannun wanda ya biya.

Ranar sadakar uku, bayan an watse, taubashina ya kira ni zauren Kawu. Jakar kayan aikinsa na rataye, rodin na jingine a kusurwa. Ya miƙo mini wani ƙaramin gwangwanin madara da aka toshe bakinsa da tsumma.

"Baba ya ce in ba ka. Ya ce kada in buɗe. Ban buɗe ba."

Na girgiza shi, na ji ƙarar, na san ko mene ne. Ɓarin gilashi biyu ne, da busasshen kwaɓin Kawu a bakin kowanne. Ranar da ya zaga bayan gida ya tsince su a bayan duro, ya ɗauke don kada wani ya gani ya yi tambaya. Wata bakwai suna ƙarƙashin matashinsa.

Da na sa gwangwanin a aljihu na yi sallama, da maganar ta bi Kawu kabari. Amma sai na zare tsumman na juye su a tafin hannuna, na gaya wa ɗansa komai, tun daga hantsin nan har zaure. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Gwaggo ta sani?" Na ce a'a. Ya ce, "To, tana ciki."

Na shiga na durƙusa a gaban Inna na sake faɗa. Ta kalli gilashin. Ta ce, "Tun da Yaya ya ce yau, ba jibi ba, na san akwai magana. Ban tambaye shi ba, don na san kai ne." Ta ce in tashi, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Ba ta ƙara ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Ga yadda abin ya tsaya. Na rasa ɗaki biyu, gidana huɗu ne yanzu, kamar yadda aka ce in yi tun farko. Magina biyu sun tafi, ɗaya ya dawo. Mutum biyar na gindin bangon suna nan da ransu, ƙaramin cikinsu jiya ya ci ayabar farko ta bayan gida. Taubashina ya raka ni har mota, ya ba ni hannu gaba ɗaya, amma bai tsokane ni ba, ban kuma san ranar da zai sake ba. Sunan da na so in tsare da gilashin ƙarya yana nan, bulo na fita kullum. Mai kirana mai siminti ne babu.